Ta Yaya Zan Samu Ƙarfin Zuciya Irin Na Mahaifina?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, shekaruna 37, da mata ɗaya da yara uku. A bara wurin da nake aiki ya rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Ba a jima ba mahaifinmu ya rasu, kuma ni ne babba, don haka hidimar mahaifiyarmu da karatun ƙannena biyu suka dawo kaina. Na ranci kuɗi wurin wani aminina na fara 'yar sana'a, jarin ya karye. Lokacin biya ya wuce da wata uku. In na ga kiransa sai gabana ya faɗi, in kifa wayar har ta tsinke. Matata ta san na rasa aiki, amma ba ta san da bashin ba, ba ta kuma san sana'ar ta mutu ba. Kullum da safe nakan fita kamar mai zuwa wurin nema, in samu wuri in zauna har yamma. Barci ya ƙaurace mini, abu kaɗan sai in daka wa yara tsawa. Ina sallah ina addu'a, amma wani lokaci sai in ji da ma ni na tafi aka bar mahaifinmu. Kowa cewa yake in yi haƙuri, in zama namiji. Mahaifina ya sha wahalar da ta fi wannan, ban taɓa ganin ya karaya ba. Yaya zan yi in samu ƙarfin zuciya irin nasa?

Daga wani ƙanenka da ya roƙi a sakaya sunansa.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na rage tsawon wasiƙarka, na cire duk abin da zai sa a gane ka, amma akwai jimla guda da na bar ta yadda ka rubuta, kuma da ita zan fara, don ta fi bashin nauyi a wurina.

Ka ce wani lokaci kakan ji da ma kai ka tafi aka bar mahaifinku. Mutane da yawa da baƙin ciki ya yi wa katutu sukan ji haka, kuma wannan bai nuna imaninka ya yi rauni ba. Sai dai ina so ka tambayi kanka tsakani da Allah: tunanin yana tsayawa ne a kan "da ma na huta", ko ya fara kai ka ga tunanin yi wa kanka illa? In ya taɓa kai ka can, ko sau ɗaya ne, kada ka kwana da shi. Ka faɗa wa wanda ka yarda da shi a yau, ya raka ka asibiti, ko da dare ne. In bai kai can ba, duk da haka ina roƙonka ka ga likita cikin makon nan. Rashin barci, saurin fushi, fitar da rai daga komai da ganin kanka ba a bakin komai ba, in suka haɗu suka zarce mako 2 kusan kullum, likitoci suna duba ko ciwon damuwa mai tsanani ne. Ciwo ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 yana damun kimanin mutum miliyan 280 a duniya, kuma yana da magani, akwai na sha, akwai na zama da ƙwararre a tattauna. Likita ne zai tantance ko shi ne ko kuwa zafin rashi ne da gajiya. In ka shiga wurinsa ka faɗa masa komai, har wannan jimlar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, mu zo ga tambayarka. Kana ganin kanka rago, ni kuwa ban ga rago a wasiƙar nan ba. Mutumin da zai tashi kowace safiya ya shirya ya fita, ya wuni da wuta a ƙirji, ya dawo ya haɗiye komai ya zauna cikin iyalinsa, wata da watanni, yana da ƙarfi ƙwarai. Matsalar ita ce duk ƙarfin nan a kan ɓoyo kake ƙarar da shi. Kana gadin sirri daga matarka, kana gadin wayarka daga amininka, kana gadin fuskarka daga ƙannenka. In dare ya yi babu sauran abin da ya rage da za ka tunkari matsalar kanta. Shi ya sa wata uku suka shuɗe, ka gaji tilis, bashin kuma yana nan inda yake.

Game da mahaifinka, ka tuna da idon ɗa ka kalle shi. Uba ba ya kuka a gaban 'ya'yansa, kamar yadda kai ma yau yaranka ba su san inda kake wuni ba. Ka je ka zauna da mahaifiyarku wata rana, ka tambaye ta yadda ya yi a shekarun da kake cewa ya sha wahala: wa ya je ya roƙa, me ya sayar, dare nawa ya yi yana juyi, me ya ce mata da bai ce muku ba. Ita ta ga ɓangaren da aka ɓoye muku. Ina kyautata zaton za ka tashi daga wannan hirar da sanin cewa mutumin da kake gwada kanka da shi ya ji tsoro, ya nemi taimako, kuma akwai wadda ya jingina da ita. Hirar za ta yi mata amfani ita ma, don macen da ta gama takaba sau da yawa takan rasa wanda zai saurari labarin mijinta.

Masu ce maka ka yi haƙuri ba su yi laifi ba, iyakar abin da suka iya faɗa ke nan. Amma ka duba wane irin haƙuri ake nufi. A Suratu Yusuf, Annabi Yaƙubu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ambaci haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Da aka yi masa magana bai musa cewa yana cikin ƙunci ba, ya ce ga Allah yake kai kukansa. Ayar da ke biye kuma, aya ta 87, sai ya tura 'ya'yansa su je su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa. Haƙurin nasa ya haɗa hawaye da addu'a da tashi a nema. Kai ka riƙe addu'a, Allah Ya karɓa, amma ka hana kanka hawayen, ka kuma tsaya da neman.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa duk lokacin da ka kifa wayar nan. Kira ya shigo, zuciyarka ta buga, ka ƙi ɗagawa, kiran ya tsinke, sai ka ji wani ɗan sanyi. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa takan ɗauki darasi cewa gudu ne ya cece ta, don haka gobe fargabar za ta zo da ƙarfi fiye da yau, gudun kuma ya fi sauƙi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane haka, shi ya sa maganin da suke yi wa masu tsananin tsoro ya ginu a kan tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Kamar kare ne mai haushi, in ka ruga sai ya bi ka. Don haka kada ka jira ranar da za ka tashi ka ji gabanka ya daina faɗuwa sannan ka ɗaga waya. Za ka yi abin ne gabanka na faɗuwa, murya na rawa, bayan ka yi sannan ƙarfin zuciyar ya biyo, kuma kowane karo yana ƙaruwa a kan na baya.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama 5 don taimaka wa manyan mutane da wahalar rayuwa ta danne, aka gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, aka ga yana rage damuwa, alhali masu koyar da shi ba likitoci ba ne. Abubuwa huɗu kawai ya ƙunsa: kwantar da jiki ta hanyar numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ga ayyukan yau da kullum ko da rai ba ya so, da ƙarfafa alaƙa da mutane. Babu wani sirri a ciki. Shawarar da zan ba ka a kan wannan turbar take.

Mu fara da amininka, don shi ne ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa. Ka sa kanka a matsayinsa. Ya ɗauki kuɗinsa ya ba ka saboda yarda, wataƙila shi ma ya matsa wa kansa kafin ya ba ka. Yau yana kira ba a ɗagawa. Bai san jarin ya karye ba, abin da ya sani shi ne mutumin da ya taimaka yana gudunsa. Shirun nan ya fi jinkirin biyan ci masa rai, kuma kowace rana da ta wuce tana rage maka abin da ya fi kuɗin daraja, wato amanar da ke tsakaninku. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin da za a ɓuya saboda shi ba ne.

In kiran ya yi maka nauyi, fara da saƙo, a yau. Gajere, babu dogon uzuri: ka ce masa ka ga kiransa, kunya ce ta hana ka ɗagawa, sana'ar ta karye, kuɗinsa yana wuyanka ba ka manta ba, kana so ku haɗu ranar kaza. Kafin ku haɗu ka zauna da takarda ka rubuta abin da ake binka, abin da ke shigo maka komai ƙanƙantarsa, da abin da za ka iya sayarwa ba tare da ka tagayyara gidanka ba, har da ragowar kayan sana'ar in akwai. Ka je masa da adadin da ka tabbata za ka iya bayarwa duk wata, ko da kai kanka kana jin ya yi kaɗan. Alkawarin da ya fi ƙarfinka, wanda za ka yi don ka wanke fuska a zama ɗaya, shi zai mayar da kai gudu bayan wata guda. Ku rubuta abin da kuka daidaita, da shaida. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma kada ka je kana karanta masa aya ta 280, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Naka shi ne gaskiya da cika abin da ka ɗauka. Yana iya yin fushi, kuma yana da hakkin yi. Ka saurara har ya gama. In kana ganin zaman zai yi zafi, ku nemi mutum na uku da ku biyun kuke jin nauyinsa. Abu ɗaya da nake gargaɗinka a kai da babbar murya: kada ka ci sabon bashi mai ruwa don ka biya wannan, musamman irin wanda ake bayarwa ta manhajar waya cikin minti kaɗan. Mutane da dama daga nan suka faɗa ramin da ya fi na farko zurfi.

Sai maganar matarka, wadda na san ita ce ta fi tsaya maka a rai. Kana ganin kāre ta kake yi. Ƙanena, labarin zuciya a tambayi fuska. Macen da take kwana kusa da mijin da ba ya barci, take ganin yana tsawa a kan abin da a da yake dariya, ta riga ta san akwai abin da ke faruwa. Abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma zuciya in ta rasa bayani takan ƙirƙiro nata. Tana iya zaton ita ce ta yi laifi, ko wata ce a waje, ko wani ciwo kake ɓoyewa. Sannan tana tafiyar da gida a kan lissafin da ba gaskiya ba, tana kashe abin da da ta sani za ta tattala. Ka hana ta damar taimakonka, ka kuma bar ta da tsoron da babu suna.

Ka tuna lokacin da wahayi ya fara sauka ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na kaɗawa, ya ce a lulluɓe shi, ya gaya wa Nana Khadija cewa yana jin tsoro a kan kansa. Ita ta kwantar masa da hankali, ita ta kai shi wurin Waraƙa. Babu namijin da ya kai shi jarumta, kuma wurin matarsa ya fara kai fargabarsa.

Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka ce mata akwai maganar da ka daɗe kana riƙewa, kana so ta bari ka kai ƙarshe. Ka faɗi duka a zama ɗaya: bashin, adadinsa, mutuwar sana'ar, da inda kake wuni. Gaskiyar da ake fitarwa gutsure-gutsure ta fi ɓata yarda, don kowane sabon yanki yana sa ta tambayi kanta me ya rage. Ka shirya wa abu ɗaya: mai yiwuwa ɓoyon ya fi bashin ɓata mata rai. In ta yi kuka ko ta yi kwana biyu ba ta sake maka fuska ba, kada ka ce da ma ka yi shiru. Ka ba ta haƙuri ba tare da ka kare kanka ba, ka ba ta lokaci. Kuma kada ka haɗa wannan zaman da neman ta kawo kuɗinta ko kayanta. In daga baya ta yi niyya da kanta, ku rubuta shi a matsayin rance. In ka san halinta da zafi har kana tsoron maganar za ta kai ga yaji ko rabuwa, to ka nemi wani babba mai riƙe sirri daga ɓangarenta ko naka ya zauna da ku, amma kai za ka yi bayanin da bakinka.

Ni a ganina ka fara aika wa amininka saƙo, sannan cikin kwana biyu ko uku ka zauna da ita. Ƙaramin matakin zai nuna maka cewa ana faɗin gaskiya a rayu, kuma za ka je mata da abin da ka riga ka fara gyarawa.

Ƙannenka kuma ba yara ba ne ƙanana tunda suna karatu. Zama babba bai ɗora maka ka zama mahaifinku a dare ɗaya ba. Ka tara su ka nuna musu haƙiƙanin abin da kake iyawa a yanzu. Wani zai iya haɗa karatu da ɗan aiki, wani ya nemi tallafin karatu ko ya roƙi makaranta ta raba masa biya, wani dangi da ke da hali wataƙila jira yake a tambaye shi. Mahaifiyarku ba sai ka zuba mata duk lissafin ba in lafiyarta ba za ta ɗauka ba, amma ta san kana cikin matsi, don addu'arta da shawararta suna cikin abin da kake buƙata.

Yanzu wunin nan da kake yi a zaune. Awa takwas na zaman tunani kullum zai karya ko wane ne. Ka ba ranar tsari ko da babu wanda ya ɗauke ka aiki: safiya ta neman aiki, da sunayen mutanen da za ka tuntuɓa a rubuce tun daren jiya. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna a 1973 cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar mutane, mafi yawa ta hannun waɗanda ba sa yawan haɗuwa da su suka samu, don su ne suke jin labarin da kai da na kusa da kai ba ku ji ba. Tsofaffin abokan aikinka, abokan makaranta, waɗanda kuka taɓa hulɗa da su a wurin aiki, duk ba za su tuna da kai ba in ba su san kana nema ba. Ɓoyon nan har ta wannan ɓangaren yana cutar da kai. In aikin da ya samu bai kai matsayinka na da ba, ka karɓa kana ci gaba da nema; abin da zai shigo ko kaɗan ne zai fara rage bashin, kuma tashi da sanin inda za ka yana gyara zuciya fiye da yadda ake zato.

Jikinka ma ka kula da shi, don mutumin da bai yi barci ba komai yakan zame masa dutse. Ka riƙa tashi a lokaci ɗaya kullum, ka yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa a yawancin ranakun mako, wadda za ta kai ka minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. In tunani ya taso da tsakar dare, ka rubuta shi a takarda ka ce masa sai da safe, don lissafin ƙarfe uku na dare kullum ya fi na rana muni. In ƙirji ya ɗaure, musamman kafin ka buga waya mai nauyi, ka ja numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso kana ƙirga uku, ka sake shi kana ƙirga uku, na 'yan mintuna. Ka guji neman barci ko mantuwa ta hanyar ƙwaya ko wani abin sha da likita bai rubuta maka ba. Kuma ka ba kanka damar yi wa mahaifinka kuka. Daga wasiƙarka na fahimci hidima ta sha gabanka tun ranar da ya rasu, har yau ba ka zauna ka yi jimaminsa ba.

Yaran kuma, na san tsawar da kake musu tana cinka bayan ka yi. Akwai wani dogon bincike da Emmy Werner ta jagoranta a tsibirin Kauai na Hawaii, inda aka bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu natsuwa da riƙon kai, kuma abin da aka yi ta gani a tare da su shi ne kowannensu yana da aƙalla babban mutum ɗaya da ya tsaya masa da ƙauna. Wannan kana da ikon ba yaranka shi a yau, ko aljihunka babu komai. In ka yi tsawar da ba ta dace ba, ka kira yaron ka ce masa Baba ya gaji ne, ba laifinsa ba ne, ya yi haƙuri. Ka ware minti goma sha biyar da yamma ka zauna da su, waya a ajiye, su ba ka labarin makaranta.

Ka sake rubuto mini bayan mako biyu. Ina so in ji abin da likita ya ce, yadda barcinka yake, da yadda kuka ƙare da amininka, in kuma zaman da matarka ya zo da wata sabuwar matsala sai mu duba ta tare. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa maka ƙofar da ta fi wadda ta rufe.